Rage cin alkama alhali ba likita ne ya hana ba: tambayoyi da amsoshi

A 'yan shekarun nan maganar gulutin ta shiga bakin mutanenmu. Wata ta daina cin burodi don tumbi ya sauka, wani ya ce tun da ya rabu da taliya cikinsa ya daina kumbura, a manyan kantunan Abuja da Kano kuwa ga biskit da gari nan an shigo da su daga waje, an buga musu tambarin cewa babu gulutin, kuɗinsu ya ninka na sauran. Akasarin masu yin wannan ba likita ne ya hana su ba, kuma ba su bar alkamar ɗungurungum ba. Ragewa suka yi: a gida ba a dafawa, in an je biki a taɓa. Irinsu aka tara wa waɗannan amsoshi.

Wai mene ne gulutin ɗin? Wani sinadari ne kamfanoni ke zuba wa fulawa?

Da shi Allah ya halicci ƙwayar. Furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsi ɗan uwansu da ake nomawa a ƙasashen Turai masu sanyi. Wanda ke son ya gan shi da ido, ya kwaɓa fulawa da ruwa kaɗan ya murza ta sosai, ya bar ta ta huta kamar rabin awa, sannan ya riƙa wanke curin a cikin roba yana matsawa. Ruwan zai yi fari fat, sitaci ke nan yake fita. A canza ruwa a ci gaba, har abin da zai rage a tafin hannu ya zama wani ɗan dunƙule mai ruwan ƙasa, mai danƙo, in an ja shi ya miƙe, in an saki ya koma. To shi ne gulutin.

Shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi, shi ke sa taliyar murji ta miƙe ba ta tsinke ba. Garin dawa da na gero ba su da shi, shi ya sa komai murzar da aka yi musu ba sa yin irin wannan danƙon. Danƙon sakwara da na tuwon shinkafa kuwa na sitaci ne, babu ruwansu da gulutin.

A cikin abincinmu, wanne ke da shi, wanne babu?

Na fili su ne duk abin da aka yi da fulawa ko alkama: burodi, gurasa, fanke, cincin, dubulan, alkaki, funkaso, alkubus, dashishi, tuwon alkama, taliyar Hausa da ta leda, makaroni, indomi, kuskus na kwali, biskit, kek, samosa. Sai semo, wanda mutane da yawa ke ɗauka garin masara ne saboda farinsa. Daga alkama ake yin sa.

Akwai kuma inda yake ɓuya. Ɗanwake na asali da wake da garin rogo ko dawa da kuka da kanwa ake yin sa, amma yanzu gidaje da yawa fulawa ce ta fi yawa a kwaɓin. Wasu masu waina na barbaɗa fulawa a ƙullun, wasu na ɗaure kunun gyaɗa da ita. Lemon malt da garin shayi na gwangwani mai cakulan galibi akwai tsiron sha'ir a cikinsu, ko da an haɗa da na dawa. Ots shi kansa ba alkama ba ne, sai dai a gona da masana'anta yakan gauraya da ita.

Waɗanda babu shi a cikinsu sun fi yawa nesa ba kusa ba: gero, maiwa, dawa, masara, shinkafa, acca, ibro, tamba, rogo, doya, dankali, makani, wake, gujiya, gyaɗa, riɗi, nama, kifi, ƙwai, nono, ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Ke nan tuwon dawa miyar kuka, fura da nono, koko da ƙosai, alale, fate, dambu, sinasir, awara, kwaɗon zogale, duk abinci ne marar gulutin. Alkama ta daɗe a ƙasar Hausa, ana noma ta da rani a fadamu, amma a da abincin biki da salla da gidajen masu hali ce. Cin burodi kullum safiya da indomi kullum dare sabon abu ne, kuma mafi yawan alkamar da ake yin su da ita daga waje ake shigo da ita. Bahaushen da ke son rage gulutin ba wani sabon girki zai koya ba.

Su wa ne ya zama musu dole su bar shi?

Na farko masu ciwon siliyak. Ciwo ne na garkuwar jiki: da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar ta far wa bangon hanjin, ta lalata 'yan ƙananan tsirgogin da ke tsotsar amfanin abinci. Mutum na ci amma jiki ba ya samu. Daga nan sai zawo mai daɗewa, rama, ƙarancin jini da ba ya jin magani, raunin ƙashi, yaro ya ƙi girma, wasu kuma ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Wasu ba sa jin komai alhali hanjin na lalacewa. A duniya kusan mutum 1 cikin 100 ke da shi, kuma yana bin jini: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ke da shi, hatsarinsa ya kai kusan 1 cikin 10. Maganinsa ɗaya ne, barin gulutin baki ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano alaƙar ciwon da alkama. A lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi ƙaranci, sai yaran da ke fama da ciwon suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. A 1950 ya fitar da sakamakon bincikensa.

Kada a ɗauka ciwon Turawa ne kaɗai. A 1999 likitocin Italiya suka gwada yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, suka tarar kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da alamarsa a jini, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya. A asibitocinmu ba kasafai ake gwada shi ba, don haka yaro na iya shan maganin tsutsar ciki da na taifot a jere alhali matsalar na cikin burodin da yake karyawa da shi.

Na biyu masu borin jini da alkama, waɗanda da sun ci sai jiki ya fashe da ƙuraje, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Na uku waɗanda aka gwada aka ga ba su da ko ɗaya cikin biyun, amma duk sanda suka ci alkama ciki ya dame su. Bayaninsu na nan tafe.

Ni lafiyata ƙalau. In na rage gulutin zan ƙara lafiya?

Rashin gulutin shi kaɗai ba ya ƙara wa mai lafiya komai. Babu wani bincike mai ƙarfi da ya nuna yana tsawaita kwana, ko wanke jini, ko gyara fata, ko ƙara kaifin ƙwaƙwalwa ga wanda ba shi da ciwon da aka ambata. A 2017 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani babban bincike na masanan jami'o'in Harvard da Columbia, waɗanda suka bibiyi ma'aikatan lafiya sama da 110,000 a Amurka fiye da shekara 20. Ba su ga cewa masu cin gulutin da yawa sun fi kamuwa da ciwon zuciya ba. Abin da suka yi gargaɗi a kai ma shi ne, masu gudun gulutin kan rage cin hatsin da ba a cire wa dusa ba, alhali irin wannan hatsin ne ke kare zuciya.

Amma wannan ba ya nufin mai ragewa ɓata lokacinsa yake yi. Abin dubawa shi ne me ya maye gurbin alkamar. Wanda ya ajiye farin burodi da bota da shayi mai sukari cokali huɗu, ya koma kunun gero da ƙosai, ko fura da nono, ko acca da miyar ganye, ya ci riba: ya rage sukari, ya rage gishiri, ya ƙara wake da hatsi mai dusa. Wanda kuma ya ajiye tuwon alkama ya koma farar shinkafa safe da rana da dare, ko ya sayo biskit ɗin sitaci daga kanti, an gudu ne ba a tsira ba. Duk su biyun sun rage gulutin daidai wa daida, ɗaya ya gyara cimarsa, ɗaya ya rage mata daraja.

Amma ni na gani a jikina. Tun da na bar burodi cikina ya daina kumbura. Ƙarya nake?

Ba ƙarya kike ba, kuma bai kamata kowa ya ce miki raya wa kanki kike yi ba. Sai dai mai yiwuwa ba gulutin ne mai laifin ba, kashin kaji aka shafa masa.

A Jami'ar Monash ta Ostareliya, tawagar Farfesa Peter Gibson ta yi wani gwaji a 2011 da ya nuna kamar gulutin na tayar da ciki ga waɗanda ba su da siliyak. Labarin ya zagaye duniya. Su da kansu ba su gamsu ba, suka sake wani mai tsauri a 2013 da mutum 37. Da farko suka rage musu wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya iya tsotsewa da kyau, sai ciki ya lafa. Sannan suka riƙa ba su abinci, wani da gulutin mai yawa, wani kaɗan, wani babu, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Ba a ga wani tasiri na gulutin shi kansa ba.

A 2018 masana a Oslo ta ƙasar Norwe suka gwada mutum 59 da suka daina cin gulutin bisa raɗin kansu. Aka ba kowa abinci iri uku masu kama ɗaya, mako guda guda: ɗaya da gulutin, ɗaya da furuktan, ɗaya babu ko ɗaya. Mutum 24 sun fi jin jiki a makon furuktan, 22 a makon da babu komai, 13 kacal a makon gulutin.

Furuktan wani nau'in sukari ne da ke cikin alkama, wanda ƙaramin hanji ba ya narkarwa. Yana wucewa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su tsima shi, iska ta taru, ciki ya cika. Mai hanji mai saurin tashi ya fi jin abin. Kuma ba a alkama kaɗai yake ba, albasa da tafarnuwa cike suke da shi. Ke nan in kin bar burodi kin samu sauƙi amma ranar da aka yi miyar albasa da yawa abin ya dawo, kin samu hanyar gano bakin zaren. Amfanin sanin wannan babba ne, don mai matsalar furuktan yawa ne ke damunsa, yanka ɗaya na burodi ko ɗan alkaki ba zai yi masa komai ba.

A tuna kuma cewa burodi ba ya tafiya shi kaɗai. Madara na biye da shi, kuma manya da yawa ba sa narkar da sukarin madara. Fanke da cincin da samosa a mai ake tsamo su. Wani lokaci abokan tafiyar ne ke tayar da cikin.

Yana rage ƙiba?

In an rame, yawanci saboda an daina ciye-ciyen kek da biskit da cincin da lemon malt ne. Garin shinkafa da na rogo da na masara ba su gaza fulawa ƙarfin sa ƙiba ba. Malmala uku ta tuwon masara malmala uku ce.

Mahaifina na da ciwon suga, an ce ya riƙa cin tuwon alkama. Yanzu kuma ana cewa alkama ba ta da kyau. Wanne za mu ɗauka?

Gulutin furotin ne, ba shi ke ɗaga suga a jini ba, sitaci ne. Dalilin da ya sa ake ba masu ciwon suga shawarar alkama shi ne ana niƙa ta da dusarta, ita kuwa dusa tana ɗan rage saurin shigar suga cikin jini. To amma alkamar da aka niƙa ta yi laushi liƙis ita ma tana ɗaga suga sosai, musamman in an cika kwano da ita ana ganin ai magani ce. Acca ma haka, duk da yabon da take sha. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan tuwon, da yawan miyar ganye da wake da kifi ko nama da ke tare da shi.

Saboda haka kada ku cire wa Baba alkama ku mayar da shi kan farar shinkafa ko teba ko sakwara da sunan gudun gulutin, wannan na iya ƙara dagula sugan. In yana shan magani ko allurar insulin, duk wani babban canjin abinci a fara faɗa wa likitansa. Ga yara da matasa masu ciwon suga nau'i na 1 kuwa, wato wanda sai da allurar insulin kullum, siliyak ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a, ya dace a gwada su.

Cikina na yawan damuna. In bar alkama kawai in gani?

A nan ne na fi so a saurara da kyau. Ka fara zuwa asibiti kafin ka bari. Gwajin siliyak na farko na jini ne, ana neman wasu sojojin garkuwa da jiki ke fitarwa sa'ad da yake faɗa da gulutin, in an same su sai a zura na'ura ta baki a ɗebo ɗan tsokar hanji a duba. In ka riga ka daina cin alkama na wasu makonni, sojojin nan sun ragu, hanji ya fara warkewa, gwaji zai iya nuna ba ka da komai alhali kana da shi. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Birtaniya ita ce mutum ya ci abinci mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla mako 6 kafin gwajin. Wanda ya daɗe da bari, komawa ci na mako 6 wahala ce sosai, wasu ma ba sa iya jurewa.

Me ya sa sanin yake da muhimmanci, tunda dai ka samu sauƙi? Saboda ragewa ba ta wadatar da mai siliyak. In yana da shi bai sani ba, yana gudun burodi a gida yana cin alkaki a biki, zai ji dama-dama amma hanjinsa na ci gaba da lalacewa, kuma 'ya'yansa da 'yan uwansa ba za a gwada su ba.

Ban da haka, a wurarenmu abubuwan da ke kawo ciwon ciki da kumburi suna da yawa: gyambon ciki da ƙwayar cutar da ke haddasa shi, tsutsar ciki, atini, gurɓataccen ruwa. Duk suna da magani, kuma barin burodi ba ya kashe ko ɗaya. In akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko amai mai maimaituwa, ko wahalar haɗiya, ko ƙarancin jini, ko zawo da ya wuce mako 2, babu batun gwada abinci a gida, asibiti za a nufa.

In likita ya duba ya ce babu siliyak babu wata cuta, to kana iya gwadawa cikin tsari. Ka cire alkama ita kaɗai na kamar mako 4, kada ka haɗa da barin madara da sukari da shan sabon magani a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka riƙa rubuta abin da ka ci da yadda ka ji. Sannan ka dawo da ita kaɗan kaɗan ka ga iyakar abin da cikinka ke ɗauka.

Akwai abin da jiki zai rasa in na rage?

Gulutin kansa jiki ba ya buƙatarsa, wake da gyaɗa da nono da ƙwai sun fi shi ingancin furotin. Abubuwa biyu ne abin lura.

Na farko ƙarin da ake yi wa fulawa. Tun 2002 doka a Najeriya ta wajabta wa kamfanoni ƙara bitamin A a fulawa da garin masara da sukari da man girki, shi ne alamar idon nan da ake gani a jikin buhu da leda. Fulawa kuma ana ƙara mata sinadarin ayon mai ƙara jini da wasu bitamin na rukunin B. Garin da aka kai injin unguwa ba shi da wannan ƙarin. Wanda ya rage fulawa sai ya nemo su a hanta, ƙwai, kifi, wake, manja, karas, zogale, alayyahu da rama. Mai juna biyu ta riƙe ƙwayoyin ayon da folik asid da ake bayarwa a wurin awo, ko tana cin alkama ko ba ta ci.

Na biyu dusa. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla giram 25 na harzar abinci a rana, wadda ke sa bayan gida ya yi laushi. Gero da dawa na da ita a wadace, sai dai mu kan surfe su tas, mu sheƙe, mu wanke, mu zuba wa tumaki dusar, mu ci farin. Tuwo ya yi kyaun gani amma rabin amfanin ya tafi garke. A rage surfen, ko a riƙa yin tuwon datsa da na dawar da ba a surfa ba lokaci zuwa lokaci.

Kada kuma a tare a kan hatsi ɗaya. Shinkafa na jan sinadarin asenik mai guba daga ƙasa da ruwa fiye da sauran hatsi, wani bincike a Amurka a 2017 ya samu wannan sinadari ya fi yawa a fitsarin masu gudun gulutin, waɗanda galibi garin shinkafa suke komawa. Yau gero, gobe dawa, jibi doya ko acca, ya fi.

Kayan kantin nan masu tambarin babu gulutin, sun cancanci kuɗinsu?

Ga mai siliyak, tambarin na da ma'ana: ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abincin. Ga mai ragewa don ra'ayi, asarar kuɗi ce. In ka juya ledar ka karanta, abin da ke ciki garin shinkafa ne da sitacin masara da na rogo ko dankalin turawa, an ƙara mai da sukari da wani danƙo don ya haɗu. Sau da yawa furotin da harzarsa ba su kai na burodin da ka bari ba. Da kuɗin leda ɗaya za ka auno gero da wake da za su kai ka kwanaki.

A kula da abin da ake kira burodin rogo, wanda gwamnatocin Obasanjo da Jonathan suka yi ta tallatawa don rage shigo da alkama. Garin rogon kaso kaɗan ne, sauran duk fulawa ce.

An ce alkamar yanzu ce aka lalata, ta gida ba ta da matsala.

Alkamar Kadawa da ta Haɗeja da ta bakin Tafkin Chadi duk suna da gulutin, kamar yadda ta jirgin ruwa ke da shi. Mai siliyak ba shi da mafaka a wurin ta gida. Wani masanin ma'aikatar noma ta Amurka, Donald Kasarda, ya bi bayanan alkamar ƙasar na ƙarni na 20, a 2013 ya ce bai ga hujjar cewa sababbin iri sun ƙara yawan gulutin ba. Abin da ya ƙaru a wurinmu shi ne yawan cin. Inda ta gida ta fi shi ne ana niƙa ta da dusarta.

Damuwa ta gaskiya game da burodi ita ce buromet, sinadarin da wasu gidajen burodi ke sawa don ya kumbura ya yi laushi. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta haramta shi tun zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili. Wannan matsalar mai gidan burodi ce, ba ta alkama ba.

Sai na ware tukunya da muciya? Injin niƙa fa?

In ragewa kike yi don ra'ayi, ba sai kin ware komai ba. Ki kai geronki injin da aka niƙa alkama yanzu-yanzu, ki soya ƙosanki a man da aka soya fanke, babu abin da zai same ki.

Mai siliyak ne wannan ya zame wa aiki. Ɗan garin alkamar da ya maƙale a haƙoran inji ya zubo a niƙan farko, rariyar da aka tankaɗe fulawa da ita, wuƙar da aka yanka burodi aka mayar cikin bota, duk sun isa su taɓa hanjinsa. Gidan da ke da irin wannan mara lafiya sai sun nemi injin da ba a niƙa alkama a cikinsa, ko su koma turmi da ƙaramin inji na gida.

To me zan karya da shi in ba shayi da burodi ba?

Koko ko kunun tsamiya da ƙosai. Waina da miya ko da ƙuli. Ɗumamen tuwo. Dafaffen dankali ko doya da ƙwai. Alale. Fura da nono in ana sauri. Faten acca ko na wake. Da azumi ma haka, kunu da ƙosai da dabino da kankana sun riga fanke da samosa zuwa faifan buɗa-baki. Wahalar ɗaya ce, burodi ba ya son wuta, waɗannan kuwa suna so. Mai fita aiki da sassafe sai ta jiƙa wake ta gyara ƙullu tun dare, ko a yi gumba da garin kunu mai yawa a ajiye.

In cire wa yarana ma?

A'a, sai in likita ya ce. Jinkirta ba jariri alkama ba ya hana shi kamuwa da siliyak, manyan gwaje-gwaje a Turai sun nuna haka. Bayan wata 6 na nono zalla, a fara ba shi abincin gida iri-iri har da na alkama. Rage wa yara indomi da biskit abu ne mai kyau saboda gishiri da sukari da mai. Amma yaron da cikinsa ke kumbura, yana zawo, ba ya ƙara nauyi, asibiti za a kai shi yana kan cin abincinsa yadda ya saba, don gwaji ya faɗi gaskiya.

'Yan wasa fa? An ce Djokovic da ya bar gulutin ne ya zama zakara.

Novak Djokovic ya canza cimarsa a 2010, a 2011 ya lashe uku daga manyan gasannin tanis huɗu na duniya. Sai dai abubuwa da yawa ya canza a lokaci guda, kuma labarin mutum ɗaya ne. A 2015 aka gwada 'yan tseren keke 13 marasa siliyak a Tasmaniya ta Ostareliya, mako guda da gulutin mako guda babu, ba su san wanne suke ci ba. Gudunsu bai bambanta ba.

In na je gidan surukai ko biki aka kawo min funkaso da alkaki, yaya zan yi?

In ba ciwo gare ki ba, ki sa albarka. Funkason da Hajiya ta tashi tun asuba ta kwaɓa, ta jira ya tashi, ta soya don ke, cinsa sau ɗaya ba zai rushe abin da kike yi a gidanki ba. In kin san yawa na tayar miki da ciki, ki ɗauki ɗaya ki cika da miyar taushe da nama, ki yaba hannun mai girki. Sauƙin da mai ragewa ke da shi ke nan, wanda mai siliyak ba shi da shi.

Roƙo ɗaya nake da shi a nan: kada ki ce likita ne ya hana ki, ko ki ce ciwo gare ki, don kawai a ƙyale ki. Ki ce, “Hajiya, ina ɗan rage kayan fulawa ne, kaɗan ya ishe ni.” Dalili kuwa, in yau kin ce alkama na kwantar da ke, gobe aka gan ki da kek ɗin amarya kina lafiya lau, mutanen gidan za su ɗauka duk mai faɗin haka iyayi ne. Ranar da aka kawo musu yarinya mai siliyak na gaske, uwarta ta ce ko ludayin da ya taɓa taliya kada a sa mata a miya, sai a ce ai wance ma haka take faɗa kuma tana ci. Haka yake a gidan abinci: ki gaya wa mai sayarwa cewa zaɓi ne, ba lalura ba, don ya san bambancin ranar da mai lalurar ya zo.